Kafin a ce "ku koma da ita gida", akwai gwajin da ya kamata a yi

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. Wasunku sun lura wata biyu ke nan ban cika leƙowa nan ba, har ana biyo ni ta akwatin saƙo ana tambayar ko lafiya. Ni dai lafiyata ƙalau, jinya muke yi. Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina aji uku na firamare har na gama sakandare. Shekarunta 79.

Sama da shekara guda tana fama da kasala, idonta ya yi fari, ko tsakar gida ta taka sai haki. Aka ce ƙarancin jini ne, aka yi ta ba ta maganin ƙarin jini, har sau biyu ana yi mata ƙarin jinin ma. Mu kuma a gida muka ce ai tsufa ne. Wata maƙwabciya ta ce basir ne mai cin jini, ta kawo sassaƙe. Sai da wani matashin likita ya ce shi fa yana son sanin inda jinin nan yake zuwa, aka zura mata na'urar leƙa hanji, aka ga ƙari a babban hanjinta ta ɓangaren dama. Aka ɗan yanko tsoka aka kai ɗakin gwaji. Sankara ce.

A ƙa'ida, maganin irin wannan shi ne tiyata, a yanke wurin da ƙarin yake a haɗe hanjin. To amma Gwaggo ta fi shekara ashirin da hawan jini, zuciyarta ta yi rauni, ƙodarta ma da sauƙi-sauƙi. Likitan da ke sa barci ya duba takardunta ya ce mana gaskiya: idan aka kwantar da ita, ba shi da tabbacin za ta farka. Kemo kuma aka ce jikinta ba zai ɗauka ba. Daga ƙarshe muka ji kalmar da dubban iyalai suka sha ji: ku koma da ita gida, ku ci gaba da kula da ita. Ban ga laifinsu ba, wallahi. Gara likitan da zai ce maka ba zai yanka ba, da wanda zai karɓi kuɗinka ya yanka ya miƙo maka gawa.

A daren nan zauren WhatsApp na gidanmu ya kama da wuta. Ƙanina ya turo wani tsohon labari da na san da yawanku kun taɓa gani, wai an gano maganin kansa a Amurka, duk wanda aka ba shi ya warke. Ya ce a sayar da fili, a sayar da gida, a fita da ita Indiya ko Masar. Yayanmu kuma ya ce don Allah a ƙyale tsohuwa ta huta, mai shekara 79 me kuma za a nema mata. A ganina dukansu biyu sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu shi ne dalilin rubutun nan. Ni ba likita ba ne, harkar gudanarwa na karanta, aikin ofis nake yi. Abin da zan faɗa, karatu ne na mai jinya da kuma abin da likitoci suka yi haƙurin fahimtar da ni.

Labarin da ƙanina ya turo yana da tushe. A watan Yunin 2022, likitocin asibitin sankara na Memorial Sloan Kettering da ke Niyok, ƙarƙashin Dokta Andrea Cercek da Dokta Luis Diaz, sun fitar da sakamakon wani gwaji. Masu sankarar ƙarshen hanji, wato wajen dubura, aka riƙa ɗura musu wani magani mai suna dostarlimab ta jijiya, duk bayan mako uku, har wata shida. Mutum 12 na farko da suka kammala, duk an nemi ƙarin an rasa, ba tiyata, ba kemo, ba gashi. Zuwa 2024 adadin ya kai 42, sakamakon bai sauya ba. Wannan abin mamaki ne na gaske, ko su likitocin ba su ɓoye mamakinsu ba.

Abin da masu tura labarin suka yanke shi ne: ba kowane mai sankarar hanji aka ɗauka ba. An zaɓo su ne ɗaya bayan ɗaya, masu wani nau'i na musamman da likitoci ke kira dMMR, ko kuma MSI mai yawa. A ƙasashen Turawa, wajen kashi 15 cikin ɗari na masu sankarar hanji ne ke da wannan nau'in. Idan cutar ta riga ta bazu, adadin yana sauka zuwa kashi 4 ko 5. Sauran fa? Sauran, wannan maganin kusan ba ya yi musu komai. Ka sayar da gidanka, ka zuba miliyoyi, ƙarin na nan yana girma abinsa.

Bari in faɗi yadda na fahimci abin, da yaren da na iya, na ofis. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta kwafe dukkan rubutun halittar da ke cikinta. Mai kwafi kuwa dole ya yi kuskure. Shi ya sa akwai masu bin takarda a baya suna gyara kafin ta fita, su huɗu ne manya: MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. A wasu ƙarin, waɗannan masu gyaran sun daina aiki, kamar ofishin da ba mai duba fayil. Kurakurai su taru dubbai, ƙwayar sankarar ta koma wata irin halitta da ba ta kama da sauran jiki ko kaɗan. Sojojin garkuwar jiki suna hango ta, har sukan taru a kewayenta. To me ya hana su kai mata hari? A jikin sojojin akwai wani birki da ake kira PD-1, wanda amfaninsa shi ne hana su afka wa jikin da suke karewa. Ita sankarar sai ta koyi taka wannan birkin, tamkar direban da ya san abin da zai miƙa a shingen hanya a ce masa wuce. Maganin da muke magana a kai ba ya kashe sankara da kansa. Birkin yake toshewa, sojojin su yi aikinsu. Shi ya sa ake ce masa imunoterafi, wato maganin zaburar da garkuwar jiki. Ƙarin da masu gyaransa ke aiki kuwa, bai fita daban sosai ba, ko ka saki birkin sojojin ba su san wa za su kama ba.

Wani Bajapane, Tasuku Honjo, shi da ɗalibansa suka gano PD-1 a jami'ar Kyoto a 1992. A 2018 aka ba shi kyautar Nobel tare da Ba'amurke James Allison, wanda ya yi aiki a kan wani birkin daban. Ku duba tsawon tafiyar, daga ɗakin bincike zuwa gadon asibiti.

Yanzu ga inda na saɓa da Yaya. Ya ɗauka tsufa ya rufe ƙofa. A wannan nau'in kuwa, tsufa ne ma yake ƙara yiwuwar a dace. Shi mai gyaran nan MLH1, yakan yi shiru ne da kansa yayin da shekaru ke ja, kuma an fi ganin hakan a tsofaffi, musamman mata, kuma a ƙarin da ya fito ta ɓangaren dama na hanji. Ku sake karanta bayanin Gwaggo a sama. Tsohuwa, mace, ɓangaren dama. Da na ci karo da wannan a karatuna, sai da na ajiye wayar na tashi na zaga ɗaki.

Ga kuma batun ko jikin tsoho zai ɗauka. Akwai wani babban gwaji mai suna KEYNOTE-177 da aka fitar a 2020, mutum 307 masu wannan nau'in waɗanda cutarsu ta bazu. Rabi aka ba su kemo, rabi aka ba su pembrolizumab, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda. Masu kemo, a tsaka-tsaki cutar ta tsaya musu wata 8.2 kafin ta ci gaba. Masu pembrolizumab, wata 16.5. Abin da ya fi jan hankalina a matsayin mai jinyar tsohuwa shi ne illa mai tsanani: kashi 66 cikin ɗari a ɓangaren kemo, kashi 22 a ɗaya ɓangaren. Ƙarin ruwa ne na wajen rabin awa, duk bayan mako uku, mutum ya tashi ya koma gida. Yawanci ba zubewar gashi, ba irin aman nan da ke kayar da ƙato balle tsohuwa. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, mutumin da ƙauyukanmu ba za su manta da shi ba saboda yaƙi da kurkunu, yana da shekara 90 a 2015 aka samu sankarar fata ta bazu zuwa hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Cikin abin da aka yi masa har da wannan pembrolizumab ɗin. Sai a Disambar 2024 ya rasu, yana da shekara 100. Tasa ba ta hanji ba ce, kuma an haɗa masa da aiki da gashi, na kawo shi ne kawai don masu cewa ɗan casa'in ya wuce a yi masa magani.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya koma ɓangaren ƙanina. A gwajin nan na 2020, kusan uku cikin goma na waɗanda aka ba pembrolizumab cutarsu ta ci gaba ne tun da farko, duk da suna da nau'in da ya dace. Sannan waɗanda ake ɗauka a irin waɗannan gwaje-gwajen masu sauran ƙarfi ne, masu tafiya da ƙafarsu, tsaka-tsakin shekarunsu sittin da 'yan kai. Ba irin Gwaggo ba da ake riƙe wa hannu zuwa banɗaki. Likitar sankarar da ta duba ta ta faɗa mana haka ƙarara: hujjar da ake da ita a kan tsofaffi masu rauni ba ta kai ƙarfin ta sauran ba, kowane mara lafiya sai an auna shi shi kaɗai. Kuma sojan da ka sakar wa birki yana iya juyowa kan mai gida. Maganin kan taɓa maƙoshi, ya kumbura hanta ko huhu, ya kawo gudawa mai tsanani. Matashi zai iya jure gudawar kwana uku, tsohuwa mai ciwon ƙoda kuwa tana iya tafiya a kanta. Dole a riƙa gwajin jini kafin kowane zagaye, dole a samu likitan da za a kira da tsakar dare ya gane abin da ke faruwa. A ƙasa irin tamu da ciwon hanta da tarin fuka suka yi yawa, sai an duba su kafin a fara. Idan kuma ƙarin ya riga ya toshe hanji gaba ɗaya, ba a jiran magani ya yi aiki, wannan maganar gaggawa ce ta likitan tiyata.

To tsakanin "a sayar da gida" da "a ƙyale ta" me ya rage? Gwaji ɗaya. Ba sai an sake yanka mutum ba. Tsokar nan da aka yanko tun farko, ana adana ta ne cikin kakin kyandir a ɗakin gwaji. Ita za a ɗauko a yanka siriri, a zuba mata sinadarai, a duba ko masu gyaran nan huɗu suna nan ko wani ya ɓace. A Ingila tun 2017 hukumarsu ta NICE ta ce duk wanda aka samu da sankarar hanji a yi masa wannan gwajin. Mu sai da na buɗe baki na tambaya. Sai da muka je muka nemo tsokar, muka cike takardu, aka aika da ita wani gari, muka jira mako uku. Kuɗin da muka biya bai kai na wayar da nake rubutun nan da ita ba.

Kuma mu 'yan Najeriya mun fi kowa dalilin yin gwajin nan. A 2021 an buga wani bincike a mujallar Nature Communications, wanda Farfesa Olusegun Alatise na asibitin koyarwa na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya yi tare da abokan aikinsa na nan gida da na Niyok. Sun samu wajen kashi 28 cikin ɗari na ƙarin 'yan Najeriya da suka duba suna da wannan nau'in, kusan ninki biyu na abin da aka saba gani a Amurka. Yawancin marasa lafiyar daga kudu maso yamma suke, kuma wannan shi ne aikin da ke jiran asibitocin koyarwarmu na Arewa, su ma su ƙirga nasu. Amma ku yi tunani: idan fiye da ɗaya cikin huɗu ne, tsofaffi nawa aka ce a koma da su gida alhali amsar tana kwance cikin kaki a kan kanta? Gwajin ma yana da wani amfanin. Wani lokaci lalacewar masu gyaran gado ce, abin da ake kira ciwon Lynch, wanda ke nufin 'ya'ya da 'yan uwa su ma su je a duba su tun da wuri.

Sakamakon Gwaggo ya dawo. Tana cikin waɗanda maganin ke iya yi wa aiki. Na yi hamdala, na kira kowa, murna ta kai kamar awa ɗaya. Daga nan aka zo maganar kuɗi.

Lokacin da labarin dostarlimab ya fito, farashinsa a Amurka wajen dala 11,000 ne kowane zagaye. Zagaye tara a wata shida, dala 99,000 ke nan. Idan ka lissafa dala a naira 1,500, ka doshi naira miliyan 150. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko bai ci bai sha ba, sai ya yi sama da shekara 170 yana tarawa. Farashin pembrolizumab da aka gaya mana a nan bai kai haka ba, amma dai miliyoyi ne duk bayan mako uku. Na shekara goma sha tara ina aikin gwamnati, albashina na shekara guda cur ba zai kai mu nesa ba. Ga shi maganin sai an ajiye shi cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da kun san halin wutarmu. Duk wanda ya ce zai samo muku shi a rabin kuɗi daga wani ɗan uwansa da ke waje, ku tambaye shi a ina ya kwana a hanya. Magani mai tsada irin wannan, masu jabu ba sa barinsa.

A nan ne nake jin zafi a matsayina na ma'aikaci. Na san yadda ake rubuta kasafi, na san yadda layi ɗaya a takarda ke sauya rayuwar mutane. Ban ce gwamnati ta saya wa kowa Keytruda gobe ba, na san ba zai yiwu ba. Amma gwajin fa? Me zai hana a ce duk asibitin koyarwa da ke karɓar tsokar hanji ya yi shi kai tsaye ba tare da an roƙa ba, kuma inshorar lafiya ta ɗauki nauyinsa? Dokar NHIA ta 2022 ta ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowa, to ga wuri mai araha da za a ga amfaninta. Gwajin yana ceton kuɗi ta fuska biyu: wanda ya dace ya san inda zai dosa, wanda bai dace ba ya tsira da gidansa. Asusun tallafin masu sankara na tarayya ya fara ne da ta mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ba na jayayya da wannan zaɓin, amma lokaci ya yi da za a saka ta hanji. A Satumbar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya pembrolizumab cikin jerin muhimman magunguna don sankarar hanji da ta bazu, wanda hujja ce a hannun duk ministan da ke son zama da kamfani a yi ciniki. Kariyar mallakar Keytruda a Amurka za ta fara ƙarewa a 2028, masu kwaikwayonsa na nan tafe da farashi mai sauƙi. Indiyawa ma ba su zauna jira ba. A asibitin Tata Memorial na Mumbai sun gwada ba da miligiram 20 kacal na wani ɗan uwan maganin, nivolumab, maimakon 240 da aka saba, ga masu sankarar kai da wuya, kuma sun ga amfani. Ba ta hanji ba ce, kada wani ya je ya rage wa kansa magani, amma irin tambayar da ƙasa matalauciya ya kamata ta riƙa yi ke nan. Ranar da maganin zai yi araha, idan ba mu saba da gwajin ba, wa za mu ba?

Akwai wani abu da duk muka manta a cikin rigimarmu, har da ni mai dogon Turanci. Mako shida muna muhawara a kan jikin Gwaggo, ba wanda ya tambaye ta. Mun ma ɓoye mata sunan ciwon, muna ce mata gyambon ciki ne, wai kada hankalinta ya tashi. Likitar ce ta ce ba za ta sa mata allura ko ɗaya ba sai ita da bakinta ta yarda. Aka tura ni, tunda ni ne ɗan ɗakinta. Na zauna a bakin gado ina ta kewaye-kewaye. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kai yaro, tun ranar da kuka fara fita waje kuna raɗa na sani. Ni na yi jinyar kakarka, na san idon masu ɓoye magana."

Na yi mata bayanin komai, har da cewa yana iya yi yana iya ƙin yi, har da gudawar, har da kuɗin. Ta yi shiru, ta ce a gwada, tana son ganin auren jikarta bayan babbar Sallah. Amma gidan da ƙanina ke cewa a sayar, akwai marayun ɗanta a ciki, ta ce ko bayan ranta ba ta yafe a taɓa shi ba. Gonarta ta fadama ta ce a sayar. Idan kuɗin gonar ya ƙare, a tsaya, kada wanda ya ci bashi saboda ita.

An sayar da gonar makon jiya. Da abin da muka harhaɗa tsakaninmu, zai kai zagaye huɗu, daga nan likitar za ta sake ɗaukar hoto mu ga inda aka kwana. Yaya, wanda ya ce a ƙyale ta, shi ya fara turo nasa kason. Ranar Talata da safe za a yi na farko, muna barar addu'arku. Ita dai abin da ta sa na kira likitar na tambaya a daren jiya shi ne ko za a bar ta ta sha furarta kafin mu fita. An ce ta sha.